Kaya da bindigar mayaƙan garin Lexington na 1775: me mai son shiga kwaikwayonsu zai fara saya?

Nasiru

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekarata ta huɗu ke nan a jihar Massachusetts ta Amurka, kuma sai a bana Allah ya nufe ni da zuwa garin Lexington in ga yadda suke kwaikwayon arangamar da aka yi a dandalin garin ranar 19 ga Afrilu 1775, wadda ita ce mafarin yaƙin neman 'yancin ƙasar daga Ingila. Na isa tun da sauran duhu, sanyi yana ratsa takalmi, jama'a sun yi dafifi a bayan igiya. Da gari ya fara wayewa sai aka ji ganga daga nesa, sojojin sarki masu jajayen riguna suka shigo a jere, mutanen gari kuma suna tsaye a kan ciyawa a sahu biyu. Harbin bai ɗauki lokaci ba, amma hayaƙin albarushi ya kwanta a kan filin har ba a ganin ƙarshensa, warinsa kuma ya biyo ni cikin rigata har gida.

Tun ranar nake son in shiga ɗaya daga cikin ƙungiyoyin da ke kwaikwayon mayaƙan gari. Na ga wata shuɗiyar kwat mai bakin hannu ruwan ƙasa a intanet, na kuma ga bindiga samfurin Charleville da aka ce irin ta zamanin ce. Kuɗina ba su da yawa, ba na son in yi asara. Wanne zan fara saya?

Malam Habibu

Wa alaikumus salam, Malam Nasiru. Shawarata ta farko ita ce ka dakata da sayen dukkan biyun, domin babu ko ɗaya da ya dace da safiyar da ka je ka kalla. Na yi shekaru ina fita da irin waɗannan ƙungiyoyi, kuma kuskuren da ya fi cin kuɗin sababbin shiga shi ne ɗaukar mayaƙan gari a matsayin sojoji masu kayan sarki.

Mutanen da Kyaftin John Parker ya tsayar a dandalin, su kusan 77, manoma ne da masu sana'ar hannu na garin. Dokar Massachusetts tun zamanin mulkin Ingila ta wajabta wa kusan kowane namiji daga shekara 16 zuwa 60 ya shiga rukunin tsaron garinsu, ya kuma tanadi makaminsa da aljihunsa. Dokar 1693 ta lissafa abin da ake so ya mallaka, har da bindiga mai ƙanƙara, da albarushi fam ɗaya, da harsashi ashirin daidai bakin bindigarsa, da ƙanƙara goma sha biyu. Ba ta ɗora masa wata riga ta musamman ba. Don haka da aka kaɗa ƙararrawa cikin dare, kowa ya fito da abin da yake sawa zuwa gona ko coci ko kasuwa.

Shuɗiyar kwat ɗin da ka gani ta rundunar ƙasa ce da aka kafa daga baya. Sai a watan Oktoba 1779 George Washington ya ba da umarnin cewa shuɗi ne launin rundunar, a bambanta yankuna da launin bakin hannu da ƙirji: fari ga jihohin New England na arewa maso gabas, ciki har da Massachusetts, ruwan ƙasa ga New York da New Jersey, ja ga Pennsylvania da Maryland da Virginia da Delaware. Ka ga ke nan kwat ɗinka ta makara da shekara huɗu da rabi, kuma ko a lokacinta ma ba ta mutumin Massachusetts ba ce.

Usman

Malam Habibu, ina girmama saninka, amma ban gamsu ba. Ni ma na sha kallon faretin da ake yi a wannan rana, kuma da idona na ga ƙungiyoyin da ke ɗauke da sunan garuruwan nan suna tafiya da shuɗin kaya iri ɗaya. In su da suke jikokin mutanen ba su ga aibin haka ba, mu da muka zo jiya ne za mu fi su sani? Ban da haka, mai kallo yana buƙatar ya gane ɓangare da ɓangare. A Hawan Daushe, da ka hango ja da kore ka san dogarai ne, ba sai an gaya maka ba. Kaya iri ɗaya shi ne ke ba rukuni kwarjini.

Malam Habibu

Misalinka na dogarai ya yi kyau, Usman, sai dai ka ɗora shi a kan ɓangaren da bai dace ba. Dogarai bayin sarki ne, fada ce ke tufatar da su. Takwarorinsu a wannan labari su ne sojoji kusan 700 da Laftanar Kanar Francis Smith da Manjo John Pitcairn suka fito da su daga Boston, waɗanda hatta maɓallan rigunansu suna ɗauke da lambar bataliyarsu. Mutanen Parker sun fi kama da talakawan gari da aka yi wa gangami, kowa ya zaro abin da ke rataye a ɗakinsa. Wannan bambancin shi ne zuciyar labarin, kuma in ka sa wa manoman kaya iri ɗaya ka goge shi, mai kallo zai ɗauka runduna biyu ne masu albashi suka haɗu.

Abin da ka gani a fareti gaskiya ne. Wasu ƙungiyoyi suna da kayan biki da suka gada tun lokacin da ake kallon duk yaƙin da idon shuɗiyar rigar Washington, kuma suna sa su a jerin gwano. Amma ka tambayi Malam Nasiru abin da ya gani a dandali da asuba, zai gaya maka launuka ne barkatai. Muna da shaidar ido a kan haka. Wani matashin mai sassaƙa hoto a kan tagulla daga Connecticut, Amos Doolittle, ya ziyarci wuraren 'yan makonni bayan faɗan, ya yi magana da mutane, ya fitar da hotuna huɗu a ƙarshen 1775. A cikinsu mayaƙan gari suna sanye da kwat-kwat na gida masu launi daban-daban. Kuma a watan Yuli na shekarar majalisar Massachusetts ta yi odar riguna 13,000 domin sojojin da suka kewaye Boston, wanda shi kansa ya nuna cewa kafin nan ba su da su.

Nasiru

Haka ne kuwa, launukan ba ɗaya ba ne. Akwai ruwan ƙasa da toka-toka da kore mai duhu, wani ma da gajeriyar riga irin ta aiki. A lokacin na ɗauka rashin kuɗi ne ya hana su yin anko.

Hajiya Rabi

Sannunku da muhawara. Ni ɗinki ne sana'ata tun ina gida, kuma a nan na ɗinka wa mutum uku irin waɗannan kaya, don haka zan yi magana a kan abin da hannuna ya taɓa.

Malam Nasiru, kafin ka auna yadi sai ka san wane ne kai a 1775. Kayan mai gona babba ba ɗaya ba ne da na ɗan ƙodago, kuma kayan dattijo sukan kasance tsohon yayi, masu faɗin bakin hannu da doguwar falmaran, na saurayi kuwa sun fi matsewa. Da zarar ka tsayar da wannan, jerin a bayyane yake. Akwai rigar ciki ta lilin mai tsawo har cinya, da wando mai tsayawa ƙasan gwiwa inda ake ɗaure shi da maɓalli da ɗan ƙarfe, ko dogon wandon aiki, da falmaran, da kwat ko gajeriyar riga ta ulu, da doguwar safa, da ƙyallen wuya, da malfa ta ulu da aka daka, ko mai naɗaɗɗen baki kusurwa uku ko mai baki a kwance. Namijin wancan zamani ba ya fita taron jama'a da rigar ciki kawai, kamar yadda magidanci a wajenmu ba zai je ɗaurin aure da singileti ba.

Yadi biyu ne ginshiƙi, ulu da lilin. Auduga tana nan amma ba ita ce tufar yau da kullum ta manomin New England ba. Launi kuma ya zama wanda tukunyar rini za ta iya bayarwa, kamar shuɗin baba, wanda a lokacin ake nomansa sosai a South Carolina, da ruwan ƙasa na ɓawon itace, da toka-toka na ulun da ba a rina ba.

Inda teloli suke faɗuwa shi ne yanka. Kwat ta yau ana yi mata kafaɗa mai faɗi da soso a ciki. Ta 1775 bayanta ƙunci ne, ramin hannu yana can sama dab da hammata, hannun ya bi jiki, har mutum ya ji ana janye kafaɗunsa baya. Karo na farko da na yanka ɗaya sai da na warware ta sau biyu, domin hannuna ya saba barin sarari. Rigar ciki kuwa ita ce mafi sauƙi, duk murabba'i ne da dogayen yanki, da ɗan ƙyalle a hammata, babu lanƙwasa ko ɗaya.

Abu ɗaya da ba na sassauci a kansa shi ne yadin roba. Wani da na sani ya sayi kwat mai araha daga wani shago, ashe rabinta roba ce. Tartsatsin bindigar na kusa da shi ya sauka a hannun rigar, yadin ya narke ya manne da fatarsa, har yau tabon yana nan kamar girman kwabo. Ulu na gaskiya in tartsatsi ya same shi sai ya ɗan babbake ya mutu. Wannan magana ta wuce kyan gani, ta lafiyar jiki ce.

Alhaji Garba

Ina gaishe ku daga Katsina. Ban taɓa zuwa Amurka ba, amma gidanmu gidan farauta ne, kuma kakana yana da tsohuwar harba-ka-ruga mai ƙanƙara wadda na girma ina kallon yadda ake ɗura ta. Da Malam Nasiru ya turo hoton bindigar da yake so, sai na ga ai ita ce dai, sai dai wannan ta fi kyan ƙira. Ana zuba albarushi kaɗan a ɗan kaskon da ke gefe a rufe shi, a zuba saura ta baki, a tura harsashi da sandar ɗuri. In an ja kunama, ƙanƙara ta kafta ƙarfen murfin, ya buɗe, tartsatsi ya faɗa kasko, wuta ta bi ta ƙaramar kafa ta shiga ciki. Duk wanda ya riƙe irinta ya san cewa raɓa ita ce abokiyar gabarta, da asuba sai ka ji ƙyas babu tashi, ko kasko ya kama ciki ya ƙi.

Tambayata ga Malam Habibu ita ce, tunda ka ce kowa da kuɗinsa yake sayen makami, to me manoman nan suke riƙe da shi? A saninmu manomi ba ya sayen bindigar soja, ta tsuntsu da namun daji yake saya.

Malam Habibu

Alhaji, ka taɓo wurin da ya kamata, kuma hasashenka daidai ne. Mafi yawan abin da ke hannunsu bindigar harbin agwagi da sauran tsuntsaye ce, mai dogon bututu marar zare a ciki, siririya, wadda za a iya ɗura mata ƙananan dalma ko harsashi guda. Maƙeran yankin sukan haɗa ta da sassa daga wurare daban-daban, bututu daga tsohuwar bindigar Faransa, kunama daga Ingila, itacen kuma na gida. Akwai kuma tsofaffin bindigogin soja da suka rage daga yaƙe-yaƙen baya, domin mutanen New England ne suka ci sansanin Faransawa na Louisbourg a 1745, kuma da yawansu sun yi yaƙin da aka gama a 1763.  Bindigar Kyaftin Parker ta farauta, tare da wata ta sojan Ingila da aka ƙwace a ranar faɗan, jikansa Theodore Parker ya ba jihar su, aka rataye su a zauren majalisar dattawan Massachusetts a Boston.

Yanzu sai mu auna abin da ake sayarwa. Charleville samfurin 1763 da 1766, mai faɗin baki inci 0.69, bindiga ce mai kyau, kuma ita ta zama ƙashin bayan rundunar Amurka. Amma jiragen da suka kawo ta da yawa daga Faransa sun fara sauka a Portsmouth ta New Hampshire ne a 1777. Mai riƙe da ita a Lexington yana riƙe da abin da bai iso ba tukuna.

Bindigar sojan Ingila da ake kira Brown Bess, mai baki inci 0.75 da nauyin kilo huɗu da rabi ko sama kaɗan, iri uku ce, kuma tsawon bututu ne ke raba su. Tsohuwar mai inci 46 ita ce za ta iya kasancewa a hannun ɗan gari, domin an yi shekaru ana kawo ta. Mai inci 42 sabuwa ce a lokacin, an amince da ita ga sojan ƙasa a ƙarshen shekarun 1760, don haka ta fi dacewa da masu jajayen riguna. Mai inci 39 kuwa ta zamanin yaƙin Napoleon ce, kada ka kusance ta ko an rage maka kuɗi. Matsalar ita ce wadda ta fi samuwa a kasuwa, irin wadda kamfanin Pedersoli na Italiya ke ƙerawa, mai inci 42 ce. Ƙungiyoyi da yawa suna karɓarta saboda ita ake samu kuma ƙarfenta abin dogara ne, amma kowa ya san sassauci ne aka yi.

Sai kuma bindiga mai zare a cikin bututu da rigar farauta mai geza, waɗanda fina-finai suka cusa wa mutane. Waɗannan kayan mutanen Pennsylvania da Virginia ne, kuma sai da rani ya shiga a 1775 rukunoninsu suka iso wajen Boston, har mutanen yankin suna fitowa kallonsu.

Usman

To ai ga inda nake tsoro. Kwat ba daidai ba, Charleville ba daidai ba, wadda ake samu a kasuwa ma an ce sassauci ne. Abin da ya rage shi ne mutum ya nemi maƙeri na musamman ya ƙera masa bindigar tsuntsu, ya jira watanni, ya kuma biya tela ɗinkin hannu. Wa zai iya? Ana cewa ana girmama talakawan da suka tsaya a filin, amma an mayar da tunawa da su abin da sai mai hali. Ɗalibi ko direban tasi da labarin ya taɓa zuciyarsa sai ya tsaya bayan igiya har abada saboda ramin maɓallinsa na keke ne. Ni a ganina gara mutum ɗari da kayan da suka yi kusa, da mutum goma da kayan da babu kuskure.

Hajiya Rabi

Ƙanena Usman, damuwarka tana da tushe, kuma ban ji daɗin yadda wasu tsofaffin hannu suke yi wa sabon shiga kallon ƙasƙanci ba. Amma lissafinka bai cika ba. Abin da ake nema a yawancin wurare shi ne ɗinkin da ido ke gani ya zama na hannu, wato ramin maɓalli da bakin wuya da kalmasa. Dogayen ɗinkin ciki, in an yi su da keke babu mai gani. Kuma kayan talaka sun fi na attajiri araha a yau kamar yadda suka fi a da. Gajeriyar rigar aiki da dogon wandon lilin ba su kai rabin kuɗin shuɗiyar kwat ɗin da Malam Nasiru ya so saya ba, ga shi su ne daidai. Rigar ciki kuma duk mai haƙuri zai iya ɗinka ta da kansa a 'yan darare. Sannan kusan kowace ƙungiya tana da akwatin kayan aro domin shekarar farko.

Usman

Na karɓi maganar kayan aro da kayan talaka, Hajiya. A kan bindiga dai ina nan a kan bakana, domin ita ba a ɗinka ta a 'yan darare.

Alhaji Garba

A kan bindiga, ɗana, ni ba zan goyi bayan araha ba, kuma dalilina ba na tarihi ba ne. Ina yaro na ga bututu ya fashe a hannun wani maharbi a ƙauyenmu, ya rasa yatsu biyu, saboda an haɗa ta da ƙarfen da ba a gwada ba kuma ya ƙara mata ɗuri. Na ji ana kawo wasu masu sauƙin kuɗi da ba a huda musu kafar wuta ba, a sayar da su kamar kayan ado, mai saye ya huda da kansa. Duk wanda ya sayi irin wannan, kada ya ɗora ta a kafaɗa sai gwani ya kwance gindin bututun ya duba, an kuma gwada ta da igiya daga nesa. Kuma baƙin albarushi kawai ake zuba wa irin wannan ƙira. Garin da ke cikin harsashin zamani ƙarfinsa ya fi nata, zai tarwatsa ta. 'Yan bindigar fada da ke buga ta ranar hawa ba harsashi suke sawa ba, amma duk da haka ka duba yadda suke ɗaga bakin sama suna nesanta shi da jama'a.

Malam Habibu

Abin da Alhaji ya faɗa shi ne ainihin dokar fili a nan. Kafin a fita, jami'in tsaro yana bin sahu yana duba kowace bindiga. Ana jefa sandar ɗuri cikin bututu a ji ƙarar ƙarfe, alamar babu komai a ciki. Ana rataye bindigar da kunama a rabin ɗana a ga ko za ta kuɓuce. Dole a sa ɗan shingen tagulla a gefen kasko domin wutar da ke fita ta kafa kada ta sami fuskar na damanka, da kuma 'yar rigar fata a kan ƙarfen da ƙanƙara ke kafta. Waɗannan ƙa'idodi na yau ne, kuma babu mai jayayya da su ko da ba su yi kama da hoton Doolittle ba. A lokacin wasa ba a zaro sandar ɗuri ko kaɗan, domin wanda ya manta ta a ciki ya harba mashi ke nan. Albarushi ana auna shi tun a gida a naɗe a takarda, a yage da haƙori a zuba, ba a taɓa zubawa kai tsaye daga ƙaho. Hukumar da ke kula da wuraren tarihi na tarayya ma ba ta yarda ɓangarori biyu su yi ta harbin juna ana faɗuwa a filayenta, abin da ake yi a Lexington yana yiwuwa ne domin dandalin na garin ne.

Game da ƙorafin Usman, amsata ita ce bindiga ita ce abin saye na ƙarshe. Ka yi shekara kana koyon atisaye da ta aro, kuma atisayen 1764 na sojan Ingila ake koya, domin na Baron von Steuben, wanda ya horar da rundunar Washington, sai 1778 ya zo. A cikin shekarar za ka san garin da kake wakilta, kuma gari yana sauya abin da za ka rataya. Rukunin garin Acton, alal misali, na 'yan shirin ko-ta-kwana ne, kyaftin ɗinsu Isaac Davis maƙerin bindiga ne, ya tanadar wa mutanensa banati, wato wuƙar bakin bindiga, da jakar harsashi, shi ya sa aka sa su gaba a faɗan da aka yi daga baya a ranar a gadar garin Concord, inda aka kashe shi. Na Lexington kuwa, duk da sunan 'yan ko-ta-kwana da ya bi su, rukunin tsaron gari ne na gama-gari, kuma ƙahon albarushi da jakar fata ta farauta ba za su zama baƙo a jikinsu ba.

Nasiru

Na gode ƙwarai, kun cece ni daga asara. Saura abu biyu da suka fi damuna, na rasa yadda zan fara faɗarsu. Na farko, ni baƙar fata ne, ban sani ba ko tsayuwata a sahun zai zama ƙarya ga tarihi. Na biyu, ina da gemu, kuma na lura babu mai gemu ko ɗaya a filin.

Malam Habibu

Na farkon ka kwantar da hankalinka. Cikin mutum goma da aka raunata a dandalin, ban da takwas da aka kashe, akwai Prince Estabrook, baƙar fata kuma bawa a garin, wanda sunansa ya fito a jerin waɗanda aka raunata da aka buga a shekarar. Ya warke, ya ci gaba da yaƙi a rundunar ƙasa, ya sami 'yancinsa, kuma akwai dutsen tunawa da shi a gaban masaukin Buckman inda mutanen suka jira wayewar gari. Peter Salem na Framingham ma ya fita a ranar. Sahun da babu baƙar fata a cikinsa shi ne mai giɓi. Sai dai ka shirya wa tambayar 'yan kallo, domin mutumin da ya tsaya neman 'yanci alhali shi kansa mallakar wani ne, labarinsa yana buƙatar wanda ya karanta shi sosai.

Na biyun ya fi wuya, kuma ba zan ɓoye maka ba. Mazan New England na wancan zamani suna aske fuska, kuma manyan taruka masu tsauraran ƙa'idoji suna hana gemu da gashin baki. Wasu ƙungiyoyi suna sassautawa a ƙananan taruka da ziyarar makarantu.

Malam Isa

Ina bin zancen tun farko ban ce komai ba. Malam Nasiru, in ka ajiye gemunka domin addini ne, ban ga dalilin da zai sa ka cire shi saboda safiya ɗaya a shekara ba. An yarda da shingen tagulla domin kare fuska, an yarda da bindiga mai inci 42 domin ita ake samu, to ashe ana sassauci in an ga dalili. Ka je ka faɗa musu gaskiya tun ranar farko, ka ji abin da za su ce.

Malam Habibu

Na yarda ya tambaya, Malam Isa, kuma ba zan taɓa ce masa ya aske ba. Abin da nake so ya sani shi ne za a iya ce masa a'a a babban taron Afrilu ba tare da ƙiyayya ba, domin fuska ita ce abin da mai kallo ke fara gani, ta fi inci huɗu na bututu fitowa fili. In haka ta faru, akwai sauran taruka a cikin shekara, kuma akwai aikin yi wa jama'a bayani a gefen fili.

Nasiru

Gemuna yana nan, kuma zan faɗa musu haka a wasiƙar farko. Na fasa kwat ɗin da Charleville. Zan fita a matsayin ɗan ƙodagon gona, da gajeriyar riga ruwan ƙasa da malfa mai baki a kwance, in ari bindiga har shekara ta zagayo, ina tara kuɗin ta tsuntsu. Hajiya, rigar cikin zan gwada ɗinka ta da kaina. Yadi nawa zan saya?

Hajiya Rabi

Ka sayi yadi uku da rabi na lilin fari ko mai ƙananan gidajen dara shuɗi, da zaren lilin da ɗan kakin zuma na goge zaren. Kafin ka sa almakashi ka wanke yadin da ruwan zafi ka shanya, domin yana shiga sosai a wankin farko. In ya bushe ka turo mini awon wuyanka da na wuyan hannunka da tsawonka daga kafaɗa zuwa tsakiyar cinya, zan rubuta maka girman kowane yanki.